Allurar Surukin 'Yar'azumi

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a kasuwar Guri ya san 'Yar'azumi. In idonsa bai riƙe fuskarta ba, to kunnensa ya riƙe muryarta, domin mace ce wadda in ta ce wa mai taya kifi "albarka", sai mai albasa da ke can ƙarshen kasuwa ya waiwayo ya ga ko da shi ake. Gajera ce, dirarriya, idanunta jajur saboda hayaƙi, ga tsaga a jere a gefen kowane ido. Baƙo yakan ɗauka zanen gado ne. Ba gado ba ne, aikin wanzamai ne har bakwai, kowanne ya zo da askarsa da rantsuwar cewa shi zai raba ta da ciwon kai. Duk sun ci tuwo sun tafi, ciwon yana nan.

A wani ƙauyen masunta aka haife ta, a bakin ruwa tsakanin Guri da Kirikasamma, cikin watan azumi, a shekarar da ba wanda ya damu ya riƙe. Uban masunci ne, uwar mai banda. Tun tsayinta bai kai murhu ba ta iya naɗe tarwaɗa ta soke ta da tsinke, ta san itacen da ke ba kifi ja da wanda ke sa masa ɗaci. Ta auri Musa, shi ma masunci, mutumin kirki, wanda ya yi shekara talatin da ita bai taɓa kai magana ƙarshe ba. Ba wai ba shi da ta cewa ba ne, fili ne bai samu ba. Da ya rasu ta yi kukansa da gaske. Ta fita takaba ranar Laraba, ranar Alhamis hayaƙi ya tashi a gidan.

Ciwon kuwa tun haihuwar fari ya same ta. Ba irin ciwon kan da mutum zai haɗiyi ƙwaya biyu ya ɗaura ɗankwali ya fita ba ne. Na ɓari ɗaya ne. Yakan fara aiko da sallama: sai ta ga wani ƙyalli yana rawa a idon hagu, kamar rana a kan ruwa da hantsi. Kafin ruwan koko ya tafasa, sai daka ya kankama, dum, dum, daga gira har ƙeya. Shi ya sa ta raɗa masa suna Mai Taɓarya. In ya sauka, sai amai, sai ɗaki mai duhu, sai a ɗaure kai da gefen zani tamau, wuni ɗaya, wani lokaci biyu. Ban da tsagar wanzamai, an yi mata ƙaho a ƙeya har wurin ya yi kanta, ta shaƙi garin da ya sa ta atishawa wuni guda, ta sha na wani mai magani da ke yawo a mota da lasifika, wanda ya ce kwalbarsa ɗaya tana maganin ciwo arba'in. Ta ce ƙila nata ne na arba'in da ɗaya.

In tana kwance, haske ba ta so, motsi ba ta so, ƙamshi ba ta so. To a nan ne matan gari ke nuna zumunci. Sai su cika ɗakin, kowacce ta sha turare, kowacce da goyo mai kuka, su yaye labule don su ga fuskarta da kyau, su yi ta jera mata sannu da ƙarfi kamar ciwon a kunne yake. Ita kuma tana kwance tana haddace sunayensu, don ranar da ta miƙe kowacce za ta karɓi rabonta.

Kuma suna karɓa. Ba wanda bakin 'Yar'azumi ya ƙyale a ƙauyen nan: mai unguwa, dillalan kifi masu zuwa daga kudu, ma'aikatan da suka zo duba ciyawar kachala da ta toshe hanyar ruwa suka ɗauki hoto suka tafi, balle ƙaninta Zarami, wanda tun yana rarrafe take gyara masa zama. Mutum ɗaya tak ya tsira, shi ne Haris, mijin 'yarta ta fari Safara'u.

Shi ma ba ƙauna ce ta tsirar da shi ba, kunya ce. 'Yar fari ma ai ba a kama sunanta, "ke" take ce mata, ko "ta Haɗeja", don can take aure. To ina ga mijinta? Shekara goma sha tara da auren, 'Yar'azumi ba ta taɓa furta sunansa ba, ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, ko ruwa ba ta taɓa kurɓa ba yana cikin gidan. In ya zo gaisuwa, sai ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna a tsakar gida ya gai da bango, ita kuma daga cikin ɗaki ta ce wa kaji, "A gaya wa baƙi muna lafiya." Akwai ranar da ta hango babur ɗinsa tana wanke kifi a bakin ruwa, ba wurin ɓuya, sai ta kutsa cikin kachala, ruwa har ƙugu, ta tsaya nan matsattsaku na shan jininta har ya gama gaishe-gaishensa ya tafi. Ta fito tana alfahari. A ganinta haka 'yar mutunci ke yi.

Bara da rani abin ya zo da tsautsayi. Mai Taɓarya ya aiko tana tsaye a bakin murhu, ƙyallin ya rufe mata ido, ta laluba za ta dafa bango sai ta dafa wayar banda mai zafi. Kifi kwando biyu ya ƙone ƙurmus, wuta ta lashi gefen zaninta. Ba don maƙwabciyarta Bushira mai daddawa ta ji ƙauri ta leƙo ba, da labarin ya canza. Washegari Safara'u ta iso, ko zama ba ta yi ba, ta sa uwar a mota sai asibiti a Haɗeja.

Likitar da suka gani mace ce, Adila sunanta, yarinya ƙarama mai haƙuri. Ta ce a riƙa rubuta duk ranar da ciwon ya zo. 'Yar'azumi ta ce ita alƙalami bai santa ba, amma tana da gwangwanin madara, duk ranar da Mai Taɓarya ya sauka za ta jefa ƙayar kifin ƙurungu ɗaya a ciki. Da wata ya cika aka zazzage, ƙaya tara. Aka ba ta ƙwayar rigakafi. Ta farko ta tayar mata da fuka, don ƙirjin da ya sha hayaƙi shekara hamsin ba ya son wasa, likita ta ce a daina. Ta biyu ta ɗan rage ciwon, amma ta zo da abin da ya fi ciwon muni: ta riƙa ɗauke mata kalma a baka. Ranar kasuwa wani dillali ya ce bandarta ba ta bushe ba. Ta miƙe, ta riƙe ƙugu, jama'a suka matso don sun san za a sha kallo, ta nuna shi da yatsa ta ce, "Kai, mai kai kamar... kamar..." Shiru. Abin ya ƙi zuwa. Dillali ya jira, ya gaji, ya wuce. Sai da ta koma gida tana alwalar la'asar sannan ya faɗo mata, ba kowa a wurin sai buta. Zuwanta na gaba ta dire wa likita ragowar ƙwayar a ƙulle a leda, ta ce gara ciwon.

Likita Adila ta yi dariya har da share hawaye, sannan ta ce, "To Inna, saura abu ɗaya. A ƙa'idar da likitocin wata ƙasa suka rubuta suke bi, in ƙwayoyin nan biyu sun ƙi mutum, ana iya gwada masa allurar Sinawa. Siraran allurai ne, ana kafa su a ka da hannu da ƙafa, a bar su ɗan lokaci a zare. Zama goma, cikin mako biyar zuwa takwas. Ban ce miki warkewa ba, kuma ba kowa take yi wa ba. Amma ana samun waɗanda kwanakin ciwonsu ke raguwa."

"'Yar nan, kan da ya sha aska bakwai ne zai ji tsoron allura? Kira mai yi."

"Ai kin ma yi sa'a, ɗan gida ne. Duk yankin nan mutum ɗaya na sani da ya je ya koyo, yana sashen gashin ƙashi. Malam Haris, mijin Anti Safara'u."

'Yar'azumi ta ja mayafi ta rufe fuska kamar an ce ga shi nan ya shigo. Ta cikin mayafin ta ce, "Dawo min da ƙwayar."

Ba a dawo mata da ita ba. A hanyar gida Safara'u ta shimfiɗa mata magana a hankali, da sanyin murya irin na ubanta, sai dai tata mai kaiwa ƙarshe ce.

"Inna, ni ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce kin faɗa wuta ba. Ko dai a yi allurar nan ƙayar gwangwani ta ragu, ko kuwa kafin ruwa ya datse hanya in zo in kwashe ki. Ɗaki yana nan maigidana ya gina miki, da fanka, da banɗaki a ciki. Murhu kuma a rushe."

Ɗaki a gidan suruki! 'Yar'azumi ta auna abin, ta ga kabari ne mai fanka. Ina za ta ci abinci? Ina za ta yi tari? Wa za ta yi wa faɗa, alhali kowace kalma sai ta bi ta tagar mai gidan? Ga bakin ruwa babu, ga hayaƙi babu, sai talabijin da jikoki masu cewa tana ƙarnin kifi. In ta ƙi allura, ta tare a gidansa har mutuwa. In ta yarda, ta tuɓe ɗankwali a gabansa sau goma.

Zarami da ya ga yayarsa ta kwana biyu ba ta zage shi ba, hankalinsa ya tashi, ya je ya tambayo liman. Ya dawo da murnarsa.

"Yaya, an warware! Malam ya ce mijin 'ya muharrami ne, kamar ɗan da kika haifa. Ko kanki ya gani ba laifi."

"Malam ya taɓa zama surukar wani?"

"A'a, amma dai ya ce halal ne."

"Ban musa masa ba. Cin tuwo a tsakiyar kasuwa ma halal ne. Ka taɓa ganin na yi?"

Daga ƙarshe dabara ta faɗo mata. Ta aika Haɗeja cewa ta yarda, amma bisa sharaɗi: za a rataya tabarma a ƙofar ɗakinta, a huda ta a tsakiya da ƙasa, ita tana ciki shi yana waje. Hannu zai fito, ƙafa za ta fito. Kai kuwa sai ta yi shawara. Magana kuma ba da ita ba, Bushira za ta zauna a ciki ta riƙa isarwa. Haris ya ce a fara da hakan, ya fi babu. Aka tsayar da Talata da Asabar.

Ranar Talata ya iso da hantsi, ya jingine babur, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna ya gai da tabarma. Ya wanke hannu, ya farke sababbin allurai daga takardarsu. Can sai hannu ya leƙo ta hudar.

Na Bushira ne. 'Yar'azumi tana can ƙuryar gado ta harɗe ƙafa. Ta riga ta yi wa maƙwabciyar bayani: ɗaurin aure da wakili ake yi, gaisuwar mutuwa ana aikawa, to wace ce 'yar allura da za ta ce sai mai kai? Bushira ta so ta ƙi, aka tuna mata wadda ta rufa mata asiri shekarar da daddawarta ta yi tsutsa, sai ta miƙa hannu.

"Inna, zan kafa ta farko, tsakanin babban yatsa da manuniya," in ji Haris. "In kin ji nauyi ko tsami, ki faɗa."

"Wayyo Allah!" in ji Bushira. Ta yi maza ta gyara. "Ta ce... ta ce wayyo Allah."

"Sannu Inna. Zafi ne ko nauyi?"

"Ta ce nauyi ne, yana tafiya har gwiwar hannuna. Hannunta."

'Yar'azumi ta zungure ta da ƙafa.

Aka yi na ƙafa, aka bar su kamar tsawon dahuwar shinkafa, aka zare. Haris ya yi wa tabarma sallama ya tafi. Asabar aka maimaita, Talata aka sake. Bushira har ta fara sabawa, tana cewa ita dai tun da aka fara barcinta ya gyaru. 'Yar'azumi kuwa ta riƙa ba matan gari labarin allurar Sinawa, yadda take shiga, da yadda ita ko gezau ba ta yi.

Abin da ba ta sani ba, tun ranar farko Haris ya gane. Hannun mai banda baƙi ne, duk tabon wuta, ga kuma sawun waya a tafi, wanda shi da kansa ya aiko da man shafa masa. Wannan kuwa hannu ne mai laushi, yana tashin daddawa tun daga zaure. To amma da wane baki zai ce surukarsa ta yi ƙarya? Kunyar ai ba ita kaɗai ta gada ba. Sai ya riƙa kafa wa Bushira biyu-biyu a inda ba za su cutar ba, ya hau babur yana zufa. A gida ma ya kasa faɗa wa matarsa. Sai bayan zuwa na uku ya ce, yana kallon kwanon abinci, "Ranar Asabar ki raka ni mana. Ki shiga ciki ki gai da Inna. Ciki sosai."

Safara'u ta shiga ciki sosai. Ta tarar da Bushira a miƙe a ƙasa, hannu ɗaya da ƙafa ɗaya a waje, ido a rufe tana salati, uwarta kuma a kan gado tana ɓarar gyaɗa.

Aka yi cirko-cirko. Bushira da ba ta buɗe ido ba ta ce, "Ta ce yau ba zafi."

"Inna!"

"Ke, rage murya, akwai baƙi a waje."

"Baƙin da kika sa suna zarya tun daga Haɗeja don su yi wa Baba Bushira allura?"

'Yar'azumi ba a kama ta ta miƙa wuya nan take. Ta jawo gwangwani daga ƙarƙashin gado ta girgiza.

"To ji nan. Kwana goma sha ɗaya, ƙaya ɗaya. Da can da uku ne ko huɗu. In aikin wakili bai karɓu ba, wa ya kore shi?"

Daga bayan tabarma Haris ya yi gyaran murya, ya yi magana ƙasa-ƙasa, yana fuskantar turmi. "A gaya wa Inna, su kansu likitocin sun daɗe suna gardama a kan irin wannan. An gwada, wasu aka kafa musu a inda ya dace, wasu a gefe, kuma har a cikin na gefen aka samu waɗanda suka ji sauƙi. Amma ban taɓa jin inda aka kafa wa maƙwabciya ba. Kuma ciwon nan ba a auna shi da kwana goma sha ɗaya."

Safara'u ta gyara mayafi. "Ranar Talata ba babur zai zo ba, mota ce. Ki ɗaure kayanki."

Kamar yana laɓe yana ji, washegari Mai Taɓarya ya sauka, ya yi daka har Litinin da azahar. Da ta samu ta miƙe, jiri na ɗibarta, ta fito tsakar gida ta zauna. Ta dubi murhun da ta gina da hannunta sau huɗu, duk shekarar da ambaliya ta cinye shi ta sake tayarwa. Tana jiyo masu kwalekwale suna kiran juna a bakin ruwa. Zarami ya shigo da kifin ƙarfasa a kwando, ya ajiye, ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce shi yanzu wa zai riƙa kawo wa kifi. Ta ce ya fita ya ba ta wuri, da kai kamar goran masunta. Maganar ta fito sumul, ko tuntuɓe babu, har ta ji daɗinta a baka. A gidan Haɗeja wa za ta ce wa haka? Ta jima tana kallon kifin. Sannan ta ƙwala wa Bushira kira ta kan zana, ta ce ta zo da tsinken kitso.

Talata mota ta tsaya a ƙofar gida, ta aro ce, Haris ke tuƙi. Safara'u ta shigo da buhunan zuba kaya, mijin yana biye, takalmi a hannu. Suka tsaya cak.

'Yar'azumi tana zaune a tsakar gida kan kifaffen turmi, ta ba ƙofa baya, ta fuskanci bango. Ɗankwalinta a ninke a kan cinya. Kan nan fari fat da furfura, an yi masa kitso manya-manya guda huɗu, an buɗe tsaga masu faɗi kamar burtali. Haris ya sunkuyar da kai ya fara ja da baya.

"Kai."

Ya tsaya. Ya waiga ya ga ko Zarami ne a bayansa. Babu kowa.

"Kai nake nufi, mai allura. Ga kan nan, an share maka hanya. Ka tsaya ta baya ka yi abin da ka koyo. In ka zagayo gabana, ni da kai sai a lahira. Ke kuma mayar da buhunanki mota."

Wannan ce magana ta farko da ta taɓa yi masa ba ɗan aike, ko da yake bango take kallo. Allah ya taimake shi jakar aikin tana mota. Ya ɗauko, ya wanke hannu sau biyu, sabulu na suɓuce masa. Ya goge mata ƙeya da auduga mai sanyi.

"Hannunka rawa yake."

"A'a Inna... eh, Inna."

"Wanzamai bakwai sun bi kan nan, har da mai ido ɗaya, ba wanda ya yi rawa. Nutsu. Ba cizo nake ba."

Ya kafa biyu a ƙeya, ɗaya a tsakar ka, biyu a gefen ido daura da tsagar wanzamai, yana miƙo hannu daga baya kamar mai zare ƙwai a ƙarƙashin kaza mai kwanci. Hannu ta miƙo masa ta baya. Da aka zo kan ƙafa ta rufe fuska da ɗankwali.

"Ka fara?"

"Ai na gama, Inna."

"Ka gama? Ina jinin?"

"Ba ta fid da jini."

"To ruwan maganin fa? Ban ji ka matsa ba."

"Babu ruwa a ciki. Allurar ce kawai."

"Ba ruwa, ba jini, ba zafi. A kan wannan ka bar 'yar mutane da yara ka tafi koyo? Bushira! Ashe ihun banza kika yi ta yi da sunana!"

Daga bayan zana Bushira ta ce ita ai fatarta ba bandarriya ba ce.

Aka faro ƙidaya daga ɗaya, don na Bushira ba sa ciki. Talata da Asabar, mako biyar. A mako na huɗu ruwa ya iso kamar yadda ya saba, ya shanye hanya, sai Haris ya riƙa barin babur a tudu, Zarami ya ɗauko shi a kwalekwale. Likita Adila ta ƙara da nata sharuɗɗan: a fitar da murhu daga lungu zuwa inda iska ke wucewa, kada ta yi banda ba kowa a kusa, kada ta wuni ba ci, kuma ranar ciwo a hana dubiya. Wannan na ƙarshen 'Yar'azumi da kanta ta bi gida-gida ta sanar, da ƙarin bayanin da likita ba ta faɗa ba.

Watan da ya biyo bayan zama na goma aka zazzage gwangwani a teburin likita. Ƙaya huɗu. Na bayansa, uku. Mai Taɓarya bai yi ƙaura ba, yana zuwa, amma ya rage zama, wani zuwan ma kafin la'asar ya tattara. Ko allurar ce, ko iskar da murhu ya samu, ko rashin matan dubiya, likita ta ce ba za ta rantse ba. Safara'u ta juya ƙayoyin da yatsa, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta dubi uwarta ido cikin ido ta tambaye ta ko wannan ma wakili ya jefa. Sannan ta ce to, a bar ta a gidanta, a ga abin da shekara za ta yi. Ɗakin Haɗeja aka zuba masa buhunan shinkafa.

Sai dai akwai abin da ba ya cikin ƙa'idar likitocin kowace ƙasa. Bakin da ya buɗe ranar Talatar nan bai koma ya rufu ba. Tun zama na biyu, tana kallon bango, allurai a ka, ta fara sauke masa abin da ta daɗe tana tarawa. A lefen da ya kawo akwai atamfa ɗaya mai zuba. Ranar sunan fari ya zo da hula a karkace. Sunan da ya sa wa na biyun ba ya kiruwa sai an ja numfashi. Ga shi ya rame, ga shi yana gudu da babur, ga shi gaisuwarsa ta cika tsawo, mutum na ɗaki fitsari ya matse shi. Shi dai Haris sai "to Inna", "a yi haƙuri Inna", hannu kuwa ya daina rawa. Har yau ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, amma ba abin da ke wuce ta.

Kwanan baya ya je gaisuwa, ruwa bai gama janyewa ba. Ta rako shi har bakin gaɓa, tana tafe a baya, fuska a gefe, da ƙullin banda a hannu. Ta miƙa wa Zarami, Zarami ya miƙa masa. Kwalekwale ya yi nisa, muryarta na biye da su a kan ruwa.

"Ka ce wa ta Haɗeja kada ta cika masa ruwa, ba wanki ba ne! Kai kuma matsa tsakiya, ka zauna a gefe kamar buhun gishiri, so kake ka kife min ƙani? Kuma rigar nan ta yi maka yawa, wa ya ɗinka?"

Masu jefa koma a can tsallake suka tsaya suna kallo. Haris ya goge goshi ya dubi Zarami.

"Kawu, haka za a yi ta yi ke nan?"

Zarami ya kafa sandar tuƙi ya tura, fuskarsa fes.

"Duk ranar da ka zo, ni ko tsawa ba na samu. Lokacin da kake zuwa sau biyu a mako har ƙiba na fara. Likita, don girman Allah, ba a ƙara mata wani zama goman?"